Babi na Shida: Harsashin da Ake Tunkarar Beyar da Shi

A ranar 5 ga watan Mayu na shekarar 1805, sa'ad da ayarin Lewis da Clark, wanda Shugaba Thomas Jefferson ya tura don ya gano masa hanya zuwa tekun yamma, yake hawan kogin Misuri a yankin da ake kira Montana a yau, sai Clark da wani maharbin ayarin suka yi kiciɓis da wani ƙaton beyar a bakin ruwa. Harsashi goma suka zuba masa, biyar daga ciki sun ratsa huhunsa, amma duk da haka naman nan ya faɗa kogi, ya yi iyo har ya kai wani tudun yashi, ya zauna can yana ruri wajen minti ashirin kafin rai ya yi halinsa. Ba a yi kwana goma ba, mutum shida na ayarin suka laɓaɓa suka harbi wani, shi kuwa maimakon ya faɗi sai ya taso musu haiƙan, har biyu daga cikinsu suka yar da bindigogi suka yi tsalle daga kan wata gaɓa mai tsawo suka faɗa ruwa, ya bi su ciki, sai da wani da ya rage a tudu ya same shi a ka. Da aka feɗe shi, aka tarar harsashi takwas sun shiga jikinsa. Bindigoginsu irin waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki ne, a harba curin dalma guda sa'an nan a tsaya a sake ɗuri, wato dangin harba-ka-ruga da maharbanmu suka sani, ko da yake sun fi ta kyawun ƙira da saiti.

Yau fiye da shekara 200 ke nan, makamai sun sake kama har wanda ya ga na da ba zai shaida na yanzu ba, amma mas'alar da ta tsaya wa mutanen nan a bakin Misuri ita ce har yanzu maharban Alaska ke jayayya a kanta duk inda suka haɗu: da wane harsashi ya kamata ɗan Adam ya tunkari wannan halitta? Kafin a amsa, wajibi ne mai karatu ya san girman abin da ake magana a kai. A tsibirin Kodiak da ƙananan tsibiran da ke kewaye da shi, kudu da babban yankin Alaska, ƙasar da Amurka ta saya daga Rasha a 1867, akwai beyar kimanin 3,500, waɗanda saboda yalwar kifin samon da ke hawowa rafuka kowace shekara, da ciyawa, da 'ya'yan itatuwa, suka kasance cikin mafiya girma a duniya. Riƙaƙƙen namiji, idan ya tara kitse gab da sanyi, yakan wuce kilo 600, in kuwa ya miƙe a kan ƙafafun baya sai ya tasar wa mita 3. Ɗan uwansa na cikin ƙasa, wanda ake ce wa girizli, jinsinsu ɗaya, sai dai da yake bai sami kifi kamar na bakin teku ba, sau da yawa bai kai rabin wannan nauyi ba. Amma masu zama da su sun ce ya fi saurin fushi.

Nauyi kaɗai ba shi ne abin tsoro ba, domin akwai namun daji da suka fi shi nauyi, kuma ana kashe su ba tare da wata fargaba ba. Abin da ya sa beyar ya zama dabam shi ne yadda Allah ya jera masa kariya hawa-hawa: dogon gashi mai kauri wanda galibi yana jiƙe ko ya sha taɓo, sa'an nan fata, sa'an nan kitse, sa'an nan tsoka mai tauri wadda ta taru a kafaɗa har ta yi tozo, sa'an nan ƙashi, kafin a kai ga huhu da zuciya. Kitsen da gashin nan sukan toshe bakin rauni, ta yadda jini ba ya ɗiga ƙasa sosai, sai maharbi ya rasa sawun da zai bi. Ga shi kuma yana gudun da ya kai kilomita 50 a sa'a, wato tazarar mita 30 cikin daƙiƙa biyu ko kaɗan da ɗoriya. Ƙasar kanta tana taya shi, gama gangaren duwatsun Kodiak cike suke da sarƙaƙiyar wani gajeren itace da ake kira alda, inda mutum ba ya iya ganin abin da ke taku biyar a gabansa, kuma can ne mai rauni yake nufa. Duk maharbin ƙasarmu da ya taɓa bin sawun ɓauna mai rauni cikin kurmi, yana sane da cewa tana iya kewayowa ta laɓe ta jira shi, ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi a kan wannan hali.

Harsashin zamani abu huɗu ne a haɗe: kwanso na tagulla, da albarushi a cikinsa, da 'yar ƙyastu a gindinsa wadda ke kunna wuta idan allurar bindiga ta buge ta, da ƙwayar da ke fita ta tafi. Sunayen da ake ba su, waɗanda kan rikita baƙo, galibi faɗin ƙwayar ne da ma'aunin inci, tare da wata alama. Wanda ake kira .30-06, alal misali, faɗinsa kashi 30 ne cikin ɗari na inci, 06 ɗin kuwa shekarar 1906 ce da sojan Amurka suka karɓe shi. Nauyin ƙwaya da giren ake auna shi, giren 7,000 ne laba ɗaya, saboda haka ƙwaya mai giren 300 ba ta wuce giram 19 da 'yan kai ba. Masana hisabi sun tabbatar cewa idan aka ninka saurin ƙwaya, ƙarfin bugunta yakan ninku huɗu, wannan ne kuwa ya sa masu sayar da makamai ke son tallar sauri, don shi ke ba da manyan lambobi a takarda. Sai dai zurfin da ƙwaya ke yi cikin nama ya fi dogara ga nauyinta idan aka gwada da faɗinta, da kuma ko za ta jure ta kasance a dunƙule bayan ta gamu da ƙashi. Ƙwaya mara nauyi mai tsananin sauri tana iya tarwatsewa a kan kafaɗa, ta yi mummunan rauni a waje alhali ba ta taɓa makasa ba.

A ganina, galibin saɓanin da ke tsakanin maharba ya samo asali ne daga cakuɗa ayyuka biyu da ya kamata a rarrabe. Na farko, kashe beyar da bai san da kai ba, yana kiwo ko yana kamun kifi, kai kuwa kana kwance ka dafa bindiga a kan jaka, numfashinka a natse. Na biyu, tsayar da beyar da ya riga ya sha rauni ko ya fusata, ya taso maka daga cikin sarƙaƙiya, inda ba a bukatar ya mutu bayan minti ɗaya, ana bukatar ya faɗi yanzu. Dokar Alaska ma kamar ta lura da wannan bambanci, gama ta wajabta wa duk wanda ba mazaunin jihar ba ne ya fita da ja-gora mai lasisi, ko kuma da ɗan uwansa na kusa mazaunin can, kamar yadda ta haramta taɓa uwa mai 'ya'ya, ta ƙayyade wa mutum beyar guda cikin shekara huɗu a Kodiak, ta kuma ce a kai ƙirgi da ƙoƙon kai ga ma'aikatan kula da namun daji su buga musu hatimi. Ke nan aikin farko na baƙo ne, na biyu na ja-gora, kuma ba lalle ne bindiga ɗaya ta dace da su duka ba.

Ga aikin farko, babu sunan da ya kai .375 H&H Magnum daɗewa a bakin mutane. Kamfanin Holland & Holland na birnin Landan ne ya fito da shi a 1912, yana nufin Turawan da ke farauta a Afirka da Indiya, aka yi masa dogon kwanso mai zubewa a hankali don ya shiga bindiga ya fita ba tare da maƙalewa ba ko da zafin rana ya ƙara wa albarushi ƙarfi. Yana jefa ƙwaya mai giren 300 da saurin kimanin mita 770 a daƙiƙa, abin mamaki kuma, duk da nauyin nan, tafiyarta ba ta lanƙwasa ƙasa fiye da ta ƙananan harsasai sosai a tazarar da ake harbin manyan namu. Harsashin da aka ƙera don ɓauna da zaki sai ga shi ya sami gida na biyu a ƙasar ƙanƙara, har ya zama ma'aunin da ake gwada saura da shi. Amurkawa suka kawo nasu a 1958, wato .338 Winchester Magnum, wanda suka saka a bindigar da suka laƙaba wa sunan Alaska ɗungum. Yana jefa giren 250 da saurin kimanin mita 810, kwansonsa gajere ne, bindigarsa ta fi sauƙin ɗauka, kuma da shi mazauna jihar da yawa ke farautar komai, daga beyar har manyan namun ci. Akwai kuma 9.3x62 da Otto Bock ya ƙera a Balin a 1905 don Jamusawan da suka zauna a Afirka, da .375 Ruger na 2007, duka suna cikin wannan sahu, kuma babu beyar da zai iya faɗa maka bambancinsu.

To, ina matsayin tsohon .30-06, wanda wasu ke yi wa kallon raini? A 1952 Roy Lindsley, ma'aikacin hukumar kula da namun daji, ya harbe wani beyar a kusa da tafkin Karluk a Kodiak domin gidan ajiye kayan tarihi na Los Angeles, ƙoƙon kansa kuwa, da aka haɗa tsawo da faɗi, ya ba da inci 30 da kashi uku cikin huɗu, kuma har yau shi ne na ɗaya a littafin ƙungiyar Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt ya kafa a 1887. Da .30-06 ya kashe shi, da ƙwaya mai giren 180. Wannan hujja ba ta nuna cewa .30-06 ya fi sauran ba, amma ta isa ta rufe bakin mai cewa ba ya iyawa.

Dalilin da ya sa ba a ce kowa ya ɗauki mafi girma a huta ba shi ne shuri. Duk abin da bindiga ta tura gaba, sai ta rama kwatankwacinsa a kafaɗar mai harbi, shurin .375 ya kusa ninka na .30-06, na .458 da za mu zo kansa a gaba kuwa ya kai ninki uku. Jikin ɗan Adam yana da wayon da bai shawarci mai shi ba: da zarar ya sha wannan duka sau da yawa, sai ya fara rintse ido, ya noƙe kafaɗa, ya fizgi kunama tun kafin harbi ya tashi, mai jikin kuwa ya rantse bai motsa ba. Ja-gororin Alaska sun daɗe suna kuka da irin baƙon da kan sauka daga jirgi da sabuwar bindiga dal mai ban tsoro, wadda bai harba ba sai 'yan ƙalilan, wani ma da tabo a gira inda madubin saiti ya sare shi, alhali ya baro a gida tsohuwar bindigarsa da ya shekara ashirin yana harbi da ita ba kuskure. Irin wannan shi ke samun beyar a ciki ko a cinya, ya jefa ja-gora cikin sarƙaƙiya da magariba. Wasu sukan ɗaura wa bakin bindiga wani ƙarfe mai huje-huje da ke rage shuri, yana kuwa ragewa, amma ƙarar da yake watsawa gefe tana iya kurmantar da wanda ke tsaye kusa, shi ya sa ja-gorori da dama ba sa maraba da shi. Hukuncina a nan ba shi da wuya: wanda ya iya harba .338 ko .375 ido buɗe, a tsaye da a durƙushe, har ya saba, to ya ɗauke su, don suna ba da rarar ƙarfi ranar da kusurwa ta ɓaci. Wanda bai iya ba, ya riƙe .30-06 da ƙwaya mai giren 200 ko 220, ya matsa kusa, ya haƙura da duk harbin da bai tabbata ba. Malamanmu na fiƙihu ba su yi saɓani ba a kan haramcin azabtar da dabba da wajabcin kyautata kisa, kuma maharbin da ya zaɓi makamin da ya fi ƙarfinsa don alfahari ya saɓa wa wannan ladabi tun kafin ya bar gida.

Akwai kuma abin da ya fi sunan harsashi muhimmanci, ko da yake ba a cika yi masa hayaniya ba, wato ƙirar ƙwayar kanta. Ta da, dalma ce aka lulluɓe da siririyar rigar jan ƙarfe, an bar bakinta a buɗe don ta baje idan ta shiga nama. Matsalar ita ce idan sauri ya yi yawa, ko ta gamu da ƙashi mai kauri, sai rigar ta yage, dalmar ta watse. A 1946 wani Ba'amurke mai suna John Nosler yana farauta a lardin British Columbia na Kanada, ya harbi wani ƙaton mus, babban naman nan mai ƙahoni kamar faranti, wanda ya yi birgima cikin taɓo har ya bushe masa a jiki, ya ga ƙwayoyinsa suna fashewa a waje ba sa shiga. Da ya koma gida sai ya ƙera wadda ya raba cikinta biyu da bango na ƙarfe, sashen gaba ya baje ya yi ɓarna, na baya ya tsaya a dunƙule ya ci gaba da kutsawa, ya kafa kamfani a kanta a 1948, ana kiranta Partition har yau. Daga baya aka sami waɗanda aka manne dalmarsu da rigar don kada su rabu, a 1989 kuma kamfanin Barnes ya fito da wadda jan ƙarfe ce zalla, bakinta yana buɗewa gida huɗu kamar fure, ba ta zubar da kusan komai na nauyinta. Waɗannan ƙere-ƙere sun ɗaga darajar matsakaitan harsasai ƙwarai, har ya zama .30-06 na yau yana yin abin da na zamanin Lindsley bai iya ba, mutumin da kuwa ya kashe dukiya mai yawa ya je Kodiak sa'an nan ya yi rowar kuɗin ƙwaya mai kyau, ban san sunan da zan ba shi ba.

Wurin da za a sa ta kuma shi ne cikon magana. Abin da aka fi so shi ne beyar ya ba da gefe, a tazarar mita 50 zuwa 150, a auna bayan ƙafar gaba kaɗan don a ratsa huhu biyu. Wasu ja-gorori sun fi son a karya kafaɗa idan sarƙaƙiya na kusa, don kada ya kai gare ta. Gashin da ke rataye a ƙirjinsa yakan ruɗi ido, mutum ya zaci jiki ya sauko ƙasa fiye da haƙiƙa, ya harba ƙasa da makasa. Kuma ƙa'idar da kowa ya yarda da ita ita ce a ci gaba da harbi muddin yana motsi, kada a tsaya kallon aikin harbin farko. Masu son gardama sukan kawo labarin Bella Twin, wata dattijuwa 'yar ƙabilar Kiri, wadda a 1953, kusa da tafkin Slave a lardin Alberta, ta kashe girizlin da ƙoƙon kansa ya zama mafi girma da aka auna a lokacin, da 'yar bindigar .22 mai cin harsashi ɗaya, irin ta harbin zomo. Labarin gaskiya ne. Amma matar nan ta shekara da shekaru tana feɗe namun daji, ta san daidai inda ƙashin kai ya yi rauni tsakanin ido da kunne, naman ya zo dab da ita bai gan ta ba, ta kuma ƙara masa wasu harsasai a wuri guda bayan ya faɗi. Wanda ya karanta wannan ya ce .22 ta isa, bai fahimci wace ce ta yi harbin ba.

Ja-gora kuwa lissafinsa dabam ne, domin shi harbinsa na kusa ne, cikin gaggawa, kuma sau da yawa ta gaba, inda sai ƙwaya ta fasa ƙashi mai yawa kafin ta kai laka ko ƙwaƙwalwa. A 1983 wasu masu bincike biyu na hukumar gandun daji ta Amurka a Alaska suka gwada harsasai iri-iri a tazarar yadi 15, .458 Winchester Magnum na 1956, mai ƙwayar giren 500 da aka yi don giwa, ya zo kan gaba, .375 da .338 suna biye ba da nisa ba. Wasu ja-gororin sun fi son .416, wasu kuma gajeriyar bindiga mai cin tsohon .45-70 na 1873, wadda ba ta kai nesa amma tana juyawa da sauri cikin kurmi. Ga wanda ba farauta ta kai shi ba, kamar masunci ko mai yawon duwatsu, binciken da Tom Smith da Stephen Herrero da abokan aikinsu suka buga a 2008 ya nuna cewa feshin barkono ya kori beyar a kashi 92 cikin ɗari na karon da aka yi amfani da shi a kan wannan jinsi a Alaska, sakamakon da bai yi wa masu bautar bindiga daɗi ba.

Saura yanayi. A can ƙuryar arewa, inda farin beyar yake, hukumomi ba su bi ra'ayin masu son manyan harsasai ba. A tsibiran Svalbard na Norway, inda aka hana farautarsa tun 1973, mafi ƙanƙantar abin da gwamna ya yarda a riƙe don kare kai shi ne .308 ko .30-06, sojojin Denmark masu sintiri da karnuka a arewa maso gabashin Girinlan suna riƙe da bindigar 1917 mai cin .30-06, saboda ba ta ƙin tashi a sanyin da ke daskarar da mai har allura ta kasa bugu; masu tsaron arewacin Kanada kuwa sun yi wajen shekara saba'in da Lee-Enfield mai cin .303 kafin a sauya musu. A Kodiak abokin gaba ruwan sama ne da iskar gishiri, waɗanda ke sa ƙarfe tsatsa cikin 'yan kwanaki, su kumbura katako har saiti ya gurɓace, shi ya sa aka koma ga ƙarfen da ba ya tsatsa da mariƙin roba, ana kuma liƙe bakin bindiga da ɗan salatif don kada taɓo ko ƙanƙara su shiga, iskar da ke gaban ƙwaya ita ke fasa shi kafin ƙwayar ta iso. Kuma tun da jaka tana iya ɓata a hanya, mutum ya sauka da bindiga ba harsashi, yana da kyau ya tuna cewa .30-06 da .338 da .375 H&H zai same su a kantunan Anchorage da na garin Kodiak, wanda kuwa ya zo da wani baƙon harsashi da kamfani ɗaya tak ke yi, sai ya ari bindigar ja-gora, wadda bai taɓa ɗora wa kafaɗa ba.